Robar da Ta Motsa Allurar Baba

Alhamis da dare, Omdurman

Yau na kawo wa Baba faranti ɗaya daga cikin baƙaƙen da muke bugawa a masana'antarmu ta unguwar Sinaiya. Wata uku ke nan ina gwada haɗa garin kabon da roba don lantarki ya riƙa bi ta ciki. Masu harhaɗa kayan waya ne suke neman irin wannan farantin don ɗora kayansu, saboda wutar da ke taruwa a jikin mutum tana ƙona musu ƙananan kaya. Ranar Lahadi za su zo dubawa. In bai yi ba, za su ci gaba da odarsa daga waje, ni kuma a mayar da ni sashen bokiti.

Baba ya juya farantin, ya yi dariya. "Ya bitti, 'yata, shekara arba'in ina aikin kahraba, wutar lantarki. Roba ba ta ɗaukar wuta."

Na ce, "To gwada mana, Baba."

Ya ɗauko tsohuwar mitarsa ta awon wuta ya ɗora wayoyinta a kan farantin. Allurar mitar ta motsa. Ya bubbuga mitar ya sake, ta kuma motsawa. Ya zauna yana kallon allurar har shayinsa ya huce. Sai na ji tausayinsa, kamar na ƙwace masa wani abu.

Bayan magariba ina wanke kofuna na jiyo muryarsa a ƙofar gida, yana gardama da maƙwabcinmu Amm Usman: "Wallahi tana ɗauka! Maryama ce ta haɗa. Tsaya in ɗauko mita ka gani."

Har yanzu ina tsoron Lahadi. Amma farantin kam ya ce ba zai ba ni ba, gobe masallacin Juma'a zai tafi da shi.