Kibiyar da Ban Zana Ba

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar mai zuwa. Abin da ke cina a rai na kasa faɗa wa kowa, har matata. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, sau uku ina rubutawa ina yagawa.

Ni ma'aikaci ne a ofishin safiyo, aikina zana taswira. Shekara uku da suka wuce likita ya ce in riƙa motsa jiki, sai na fara gudu. Zagaye filin ƙwallo ya gundure ni, don haka ran Asabar nakan hau mota in sauka a wani ƙaramin gari, in zaga shi da gudu in dawo. A haka na gano abubuwan da ko a taswirar ofishinmu babu su: tsohuwar tashar jirgin ƙasa da tantabaru suka mayar gida, wani tafki a bayan dutse, layin maƙera da ake jin ƙarar gudumarsu tun daga nesa. Abokan aiki biyu suka biyo ni, sai maƙwabta. Yanzu mun kusa talatin, har bas muke ɗauka.

Ga yadda muke yi. Ran Juma'a da yamma nakan je garin ni kaɗai da alli, in zana kibiya duk inda hanya ta rabu. Ran Asabar mutum ɗaya ya sa riga ruwan ɗorawa ya shige gaba yana bin kibiyoyin, wani kuma ya tsaya can ƙarshe da jakar ruwa, bandeji da usur. Dokarmu ita ce na baya ba ya wuce kowa.

Damuwata ita ce ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, mai shagon aski. A gida Buhu muke ce masa saboda ƙiba. Ni na jawo shi cikinmu. Ranar farko ko minti biyar bai yi ba ya zube a bakin hanya yana cewa in gaya wa Inna ta yafe masa. Takalmin gudunsa na farko nawa ne. Saboda shi na bar gaba na koma baya, wata shida ina lallaɓa shi kamar mai koya wa yaro tafiya. Da ƙiba ta zube ƙafa ta buɗe, wata rana ya sa rigar, ni kuma aka bar ni da jaka, wai ni na fi sanin hanya idan wani ya ɓace.

Anti, kin san bakin masu aski. Labarin tashar nan, awa biyu na yi zaune da tsohon maigadinta kafin in samo shi. Na ba ƙanena a cikin bas, shi kuma ya tsaya a kan dandamali ya ba da shi cikin minti biyar, ya ƙara masa gishiri, aka yi ta tafi. Yanzu ba mai ce masa Buhu, sai Jagora. Hatta zauren da muke magana a waya an sa masa suna Tawagar Jagora. Kafin in iso da na ƙarshe an gama hoto, ko kuma a miƙo mini waya in ɗauka. Wata sabuwar zuwa ta tambaye ni ko ni ne mai sayar musu da ruwa. Abin da ya fi ƙona mini rai, Inna da kanta ta sa masa albarka a gabana, wai ya sa yayansa ya fara fita shan iska.

To ga abin da na aikata. Juma'ar da ta wuce na isa wata mararraba a bayan injin niƙa. Hagu, wadda ita ce hanyarmu, na gangarawa tafki, dama na hawa wani tudu mai tsawo da ko inuwa babu. Na tsaya da alli a hannu, zuciyata ta ce bari mu ga ko Jagora ya san hanya. Ban zana ba. Washegari ya bi dama, don ita ta fi faɗi. Ina hangensu daga baya, usur na rataye a wuyana, ban busa ba. Wallahi kunyar minti biyar kawai na so ya ji.

Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon shugaban makaranta, muna ce masa Baba Hedimasta. Kullum a gefena yake gudu, yana yi mini hirar jikokinsa. A tsakiyar tudun jiri ya ɗebe shi, ya faɗi ya gurje gwiwa, wuyan hannunsa ya targaɗe. Ni na ɗaure masa, yana ta yi mini godiya.

A cikin bas ƙanena ya miƙe ya ba kowa haƙuri. Ya ce laifinsa ne, surutu ya sa ya taka kibiyar ya wuce bai gani ba, domin Yaya bai taɓa mantawa da mararraba ba. Da yamma ya aiko mini da rigar a wanke a goge, ya ce ya ajiye.

Yanzu kowa na cewa in karɓi gaba. Abin kunyar shi ne, da na buɗe ledar na ga rigar, sai da na ji daɗi, har na gwada ta a madubi. Amma tun ranar abinci ba ya shiga mini. In na yi shiru ba wanda zai taɓa sani. In na faɗa, ina tsoron in rasa ƙanena da tawagar gaba ɗaya. Yaya zan yi?

Naki,
Mai Jakar Baya

Ɗana Mai Jakar Baya,

Sannu da ƙarfin hali. Na karanta wasiƙarka sau biyu, har na ji ina sha'awar ganin tashar tantabarun nan da idona. Kai ka ƙirƙiro abu mai kyau, kuma haushinka yana da dalili. Mutum ya sha ranar Juma'a shi kaɗai, ran Asabar a tafa wa wani, dole ya yi ciwo. Ƙanenka ya yi sakaci da bai taɓa cewa daga wurinka ya ji labaran ba. Sai dai ina da tambaya: ka taɓa gaya masa abin yana damunka? A wasiƙarka ban ga inda ka yi haka ba. Shiru ka yi ta yi, har shirun ya kai ka mararraba.

Abin da ka yi a can kuwa ba ƙarami ba ne, kuma ba zan rage maka shi ba. Mutum talatin suna gudu hankali kwance saboda sun yarda da allinka. Ka yi niyyar kunyata mutum ɗaya, wanda ya faɗi kuwa shi ne wanda ya fi kowa kusa da kai. Sannan ka sake duba maganar ƙanenka a cikin bas. Ya fi yarda cewa idonsa ne ya yaudare shi da ya yarda cewa kai ka yi kuskure. Wanda ya raina ka ba zai faɗi haka ba. Yanzu yana ɗauke da laifin da ba nasa ba, kuma duk kwanan da ka ƙara a shiru, nauyin ƙaruwa yake yi a kansa.

Don haka gobe ka je shagonsa lokacin da babu layi, ka tafi da rigar. Ka faɗa masa kai tsaye cewa ba ka zana kibiyar ba, kuma da gangan ne. Kada ka fara da jerin abubuwan da ya yi maka, wannan zancen wata rana ne. Zai iya yin fushi, zai iya ƙin kula ka na ɗan lokaci. Ka ba shi wannan, haƙƙinsa ne. Daga nan ka wuce gidan Baba Hedimasta ka duba hannunsa, ka gaya masa gaskiya. Wanda ya yi shekara da shekaru yana riƙe makaranta ya ji abin da ya fi wannan. Ran Asabar, kafin bas ya tashi, ka miƙe a inda ƙanenka ya miƙe ka wanke shi a gaban waɗanda ya ba haƙuri. Jimla biyu ta isa. Ba zan yi maka alkawarin kowa zai zauna ba, amma tawagar da za ka ja da wannan sirri a ciki ba za ta yi maka daɗi ba ko ta kai mutum ɗari.

Idan ƙura ta lafa, sai ka nemi abin da kake so da bakinka. A riƙa karɓa-karɓa tsakanin gaba da baya. A kowane gari ka ɗauki wuri ɗaya ka ba da labarinsa da kanka. Kada a ɗauki hoto sai na baya ya iso. Kuma wata Juma'a ka gayyaci ƙanenka ya raka ka, ka miƙa masa allin, ya sunkuya ya zana kibiya ashirin cikin rana. A nan zai san abin da yake bi duk Asabar.

Rigar nan kuwa, kada ka sa ta wannan makon. Ka mayar wa mai ita, ka rataya usur ɗinka. Allah ya ba Baba lafiya, ya sanyaya zuciyarka, ya haɗa kanku kai da ƙanenka.

Taku,
Anti