Abin da Nake Zuba wa Ƙanwata a Kunu

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku yanke min hukunci ku daure ku kai ƙarshe. Zagi kam na riga na zagi kaina fiye da yadda za ku iya. Shawara nake nema, don duk garin nan ba ni da wanda zan buɗe wa cikina.

Ni tela ce a Nguru. 'Yar Gashuwa ce ni, aure ya kawo ni, auren ya mutu, na zauna saboda a nan masu kawo min ɗinki suke. Tun ina yarinya siririya ce ni, irin ramar da ake tare mutum a hanya a ce masa sannu da jiki. Tsinke ake kirana a makaranta. Ranar da aka kai ni ɗaki wata gwaggon mijina ta ɗaga mayafina ta ce, "Wannan ai sai a haɗa wa ango da filo." Aka yi dariya, ni ma na yi. A satin na fara ɗinka wa kaina ciko, soso nake yankawa in lulluɓe da yadi in ɗaura a ƙugu da ƙirji. Shekara goma sha biyu ke nan ban fita ƙofar gida da jikina na gaskiya ba. Mata su zo shago su ce, "Irin na jikinki nake so, ya zauna miki ɗas," ni kuwa in yi murmushi soso yana dafa ni a zafin Nguru, ƙuguna duk ƙuraje. Ba na kwanan biki, ba na sakin jiki a gidan kowa, a haka ƙawayena suka gaji suka watse. Na saba cin abinci ni kaɗai ina kallon bango.

Da Innarmu ta rasu shekara biyu da suka wuce, Baba ya turo min autarmu ta zauna da ni ta yi sakandare. Zan kira ta Falmata, ba sunanta ba ne. Shekararta sha shida, kuma jikinta nawa ne sak, kamar ni na haife ta. Bambancin kawai, ita ko a jikinta. In aka ce mata sillan kara sai ta tuntsire da dariya ta ce, "To ku zo mu yi tsere mana." Gudu take yi, ba wadda ke kamo ta a makarantarsu. Gidana da ba a jin komai sai ƙarar keken ɗinki ya koma gidan surutu, har na fara dafa abin da ya fi kwano ɗaya. Malamarsu ta wasanni da kanta ta zo shago ta ce in ɗinka mata kayan gudu, dogon wando da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi, za a kai ta gasar makarantu a Gashuwa. Ina auna ta na ce, "Bari in sakar miki, in ninka yadin, kar a riƙa ƙirga miki ƙasusuwa." Ta ce, "Yaya, ƙasusuwana ne fa, ba na aro ba. Ki ɗinka daidai ni."

Na ɗinka daidai ita. Sai kuma matan shago suka sa mu a gaba: "Wai ba kya ba ta abinci ne?" "Wa zai kwashi wannan?" Na riƙa gaya wa kaina cewa tausayinta nake ji, ba na so ta sha abin da na sha. Ƙarya nake. Haushi nake ji. Yaya za a yi jikin da na ɓoye shekara goma sha biyu, yarinya ta ɗauke shi ta fita da shi tsakar rana tana dariya? To ni wahalar me na sha ke nan? Wata mai kawo min ɗinki ta ba ni ƙwayar nan da ake kira sha ka fashe, ta ce sati uku ya isa yarinya ta yi kyau. Na fara daka ta ina zubawa a kunun tsamiyar da nake dama mata kafin ta tafi makaranta. Ranar farko ta ce, "Yaya, kunun nan da ɗan ɗaci-ɗaci." Na ce tsamiyar ce. Ta shanye ta ce Allah ya saka min.

Cikin wata biyu kumatu suka fito, matan shago suka fara cewa, "Yauwa, yanzu kika zama mace." Amma ni ina ganin abin da ba sa gani. Ga ci ba ƙoshi, ga kasala, ta ɗan zagaya fili sai haki. Ranar gasa tare muka shiga mota zuwa Gashuwa. Ina tsaye a bakin fili, yarinyar da ba a taɓa wucewa ba aka wuce ta ɗaya bayan ɗaya, ta zo ta biyar, ta durƙusa tana riƙe da ƙirji. Malama ta ɗago ta tana cewa, "Falmata, me ya same ki? Ba ke ba ce wannan." A hanyar dawowa ta kwantar da kai a kafaɗata ta ce, "Yaya, ki yafe min, kin sha wahalar ɗinki na ba ki kunya. Cin tsiyata ne ya ja min." Wallahi na buɗe baki zan faɗa, na kasa. Tun ranar ta ƙaurace wa tuwo da shinkafa, ko kifi ba ta taɓawa. Kun san abin da kawai take yarda ta sha? Kunun. Wai shi ne ba ya sa ƙiba.

Na daina zubawa kwana biyu, sai ga jiri da amai, ta kasa tashi. Na tambayi wata nas da nake wa ɗinki, na ce 'yar maƙwabta ce. Ta ce, "Wannan ƙwayar ba a yanke ta lokaci guda, tana iya kayar da mutum. A kai ta wajen likita da kwalin, a faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ta yi tana sha." Don haka har yau ina zuba rabi. Malama kuma ta aiko cewa akwai sauran zaɓen 'yan gudu guda bayan hutu, in yarinyar ta dawo daidai za a sake gwada ta.

Juma'ar da ta wuce da la'asar ta shigo shago, ba kowa, ta ajiye kayan gudunta a ninke a kan keke. Ta ce, "Yaya, ki farke wannan ki yi min irin naki. Fuska ta kumbura, ciki ya fito, ƙafafu kamar tsinke, gara in cike sauran." Na ce irin wanne? Ta ce, "Haba Yaya, tun zuwana na sani, ina ganin cikonki a shanye bayan ƙofa. Na yi shiru ne kar ki ji kunya. Inna ta ce min kina ƙarama kin fi ni gudu, ƙafarki na ɗauko. Da cewa nake in na ciyo kofi zan kawo miki, ko kya yarda ki cire mu fita tare. Ashe ke ce da gaskiya."

Jama'a, yarinyar nan shekara biyu tana rufa min asiri, ni kuwa ina daka mata ƙwaya. Kayan suna nan kan keke, na kasa sa musu almakashi, na kasa mayar mata. In na faɗa, likita zai taimake ta, wataƙila ta koma fili, amma na san za ta haɗa kayanta ta koma Gashuwa, Baba ya ji, dangi su ji, ni kuma in koma cin abinci da bango. In na yi shiru, da hannuna zan ɗaura mata soson da ya cinye min rayuwa. Ita kaɗai ce ta san jikina na gaskiya kuma ba ta taɓa yi min dariya ba. Da wane baki zan fara? Gobe da safe za ta miƙo min kofinta ta ce, "Yaya, kunu."

Me zan yi?