Gidanka da aka ce babu kowa a ciki

Zuwa ga ƙanena, Autan gidanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya yi wa nemanka albarka, ya tsare ku a inda kuke, ya sa mu sake ganawa da alheri. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da sandarta tana yi wa jikoki faɗa, ka kuwa san in ta fara faɗa to lafiya ta samu. Kawu ya daina tuƙi saboda idonsa, amma bai daina koya wa duk direban da ya ɗauke shi yadda ake riƙe sitiyari ba. Ƙanwata ta asibiti an mayar da ita aikin safe, ta ce in gaya maka maganin da ka aiko ya iso.

Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira, domin kai a waya sauri kake yi, ni kuwa maganata doguwa ce. Maganar gidanka ce. Shekara da shekaru kana aiko da guminka ana ɗora bulo a kan bulo, da aka gama aka yi fenti sai ka sa aka miƙa wa dillali makullai gaba ɗaya. Tun kafin damina yake ce maka ba a sami ɗan haya na kirki ba, kai kuma ka yarda. Ni ban yarda ba ko kaɗan. Gida sabo fil, a bakin titi, ga ruwa ga wuta, a ce wata da watanni ba wanda ya taya? Raina ya ba ni akwai mai kwana a gidan nan ba da saninka ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, in mutum ya daɗe a gida ba takarda ba shaida, fitar da shi sai an sha wuya, wani lokacin har gaban alƙali, kai kuma kana can nesa.

Ka san na daɗe ina ba da hayar ɗakunan da marigayi maigidana ya bar mini, kuma babu irin mutanen da ban gani ba. Tunda ka shigo sana'ar, bari in ba ka abin da na sani. Wanda ya zo neman haya bai buɗe famfo ba, bai duba rufi ba, bai nemi ragi ba, ka ji tsoronsa, domin mai niyyar zama na gaskiya sai ya leƙa har bayan gida. Wanda ya ce maka shi kaɗai ne, ka tambaye shi sau biyu a rana daban-daban, ka ga ko amsar za ta canza. Na taɓa ba wa wani tela ɗaki a kan shi kaɗai ne, kafin wata ya ƙare na ƙirga takalma a bakin ƙofarsa har na gaji. Kada kuma ka tambayi tsohon maigidan mutum halinsa, domin in mugun ɗan haya ne shi zai fi kowa yabonsa, neman kai yake da shi. Maƙwabta ake tambaya. Ni ƙafa da ƙafa nake zuwa inda mutum yake zaune, ba tare da na sanar da shi ba, in dubi bangon da ke bayan murhu da kwatar tsakar gida. Yadda ya bar su a can, haka zai bar naka.

To da wannan idon na bi ta ƙofar gidanka wata safiya, na yi kamar kasuwa za ni. Ƙofa a rufe, tagogi a rufe, amma magudanar da ke fitowa ta jikin katanga a jiƙe take, har da kumfar sabulu a bakinta. Gidan da babu kowa ba ya wanki, Auta. Ga kuma sawun tayar babur ya shiga ya fita a kan yashin da magina suka bari. Na tsallaka wajen mai kantin da ke kallon gidan, na sayi ashana da ba na bukata, na tambaye shi ko yana ganin motsi. Mutumin da ya san abin da kowa a layin ya dafa, ranar sai ya ce mini shi ba ya ɗaga kai daga ciniki. Yana faɗa yana goge kantar shagon da ba ta da ƙura. Nan na san an ja masa kunne.

Daga nan na zarce ofishin dillali, wani ɗan ɗaki mai benci ɗaya da fanka mai ƙara, an jera ƙusoshi a bango kowace da makullanta. Ya tashi ya karɓe ni da fara'ar da ta yi yawa, ya yi ta yabonka, ya ce irinka ba a ba gidansa ga kowane tarkace, shi ya sa yake tacewa. Na ce ya ba ni makulli in leƙa. Ya ce yana hannun mai fenti, mai fentin kuma ya yi tafiya. Da na koma bayan kwana kaɗan, ya manta abin da ya faɗa mini, ya ce ya bar shi a aljihun wata rigar a gida. Na dube shi har sai da ya fara gyara hularsa. Ka riƙe wannan: dillali makulli ɗaya ake ba shi, sauran su zauna wajen wani naka. Ka sa masa lokaci, in ya wuce bai kawo kowa ba ka karɓe. Kuma duk wanda ya kawo, sai naka ya gan shi ido da ido kafin a yi magana.

In an samu mutumin da hankali ya kwanta da shi, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu ko da limami ne ya kawo shi. A rubuta mutum nawa za su zauna, wa zai gyara me, da cewa ba zai saka wani a madadinsa ba. A ɗauki hoton kowane ɗaki kafin ya shigo da kaya, domin ranar fita kowa rantsuwa yake a haka ya tarar da tagar. Mitar wuta kowa da tasa, in ba haka ba za ka zama alƙalin wanda ya kunna dutsen guga. Kai ma kana da naka haƙƙin: in rufi ya yi yoyo ka gyara da wuri, kuma kada kowa ya faɗa wa ɗan haya ɗaki ba sallama don wai gidanka ne. Ni zargi nake yi kafin mutum ya shiga. In ya shiga, mutuncinsa ya hau kaina.

Da na ga dillali yana ta kame-kame, sai na sayi sabon kwaɗo mai ƙarfi, na ɗauki kafinta da gudumarsa, muka nufi gidan da hantsi. A hanya na shirya duk abin da zan faɗa. A raina na ce ko dillalin ne ya zuba masu kwana yana karɓar kuɗi a ɓoye, ko kuma wani ɗan kasuwa ne ya mai da falonka sito. Da muka isa sai na ga babu kwaɗo a waje, ta ciki aka sa sakata. Na buga da ƙarfi. Na ji takun silifa, na ji kukan jariri, aka zare sakata. Matar Dogo ce, Auta. Matar ɗana na cikina, da jikana a bayanta, hannunta duk kumfa.

Abin da na fara yi shi ne na sallami kafinta, na ce masa an sami makulli, don kada ya kai labarin gaba. Na shiga. Ko a cikin wannan halin idona bai daina aikinsa ba, Allah ya shirye ni. Ɗan ƙaramin ɗakin baya kawai suka buɗe, sauran duk a kulle. Katifa a ƙasa, kayansu a cikin jakunkuna ba a kwance ba. Sun ɗora risho a kan katako don kada ya ɓata tayil, sun jingina kwali a bango saboda hayaƙi. Ko ƙusa ɗaya ba su buga ba, igiyar shanya ma a jikin ƙarfen taga suka ɗaura.

Ta durƙusa tana kuka ta ba ni labari. Ashe maigidan da suke haya a wajensa ya sayar da gidan, wanda ya saya kuma ya ce rushewa zai yi, su tashi. Dogo ya yi yawon neman ɗaki har ya gaji bai samu wanda zai iya biya ba. Dillalinka yana kai masa gyaran waya a shago, shi ne Dogo ya roƙe shi ya bar su su fake na ɗan lokaci. Ɗan lokacin ya yi ta tsawo, dillali kuma ya yi ta korar masu neman gidan da dabara. Duk wannan lokacin suna zuwa gaishe ni kowane mako da kayansu tsaf. In na ce zan leƙo su, sai Dogo ya ce ana gyara a layinsu, hanya ba ta biyuwa. Ni da nake gane maƙaryaci tun daga sallamarsa, na zauna ɗana yana yi mini ƙarya, ina sa masa albarka.

Na tambaye ta abin da ya hana su zuwa wajena, alhali sun san ɗakin kusa da nawa a buɗe yake tun da malamin makaranta ya tashi. Sai da na matsa mata kafin ta faɗa. Ta ce ta ba shi shawarar haka tun ranar farko, ya ce mata gara ya kwana a shago a kan benci da ya zauna gabana ina yi masa tambayoyi. Ya ce zan tambaye shi me ya sa bai bincika maigidan ba kafin ya shiga, wa ya shaida, ina takarda, kuma ba shi da amsa ko ɗaya. Wallahi Auta maganar nan ta yi mini zafi, domin tambayoyin da ya lissafa su ne a bakina a daidai lokacin, ɗaya bayan ɗaya.

Da aka kira Dogo ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa kansa a ƙasa, ƙato da shi. Ban yi faɗa ba. Na ce ya nemo mota a kwashe kaya. Kafin la'asar suna gidana, na sa aka share ɗakin da malamin ya bari aka wanke shi, na datse gidanka da sabon kwaɗo. Makullan suna wajena, har waɗanda na karɓo a hannun dillali, ya miƙo mini bai iya kallona ba. Shawarata ka sallame shi. Na san tausayi ne ya sa shi, kuma a matsayina na uwa na gode masa a raina, amma wanda ya ba da gidanka don tausayi yau, gobe zai ba da shi don wani dalilin. Na kuma san halinka, za ka ce a mayar da Dogo ya zauna kyauta. Kada ka fara. Ba don haka ka yi shekaru a wata ƙasa ba, kuma ɗan'uwa in ya shiga gida ba ya fita sai da zumunci a hannunsa. Akwai wata ma'aikaciyar banki da mijinta da suka nuna sha'awa, zan je in ga inda suke zaune.

Abu ɗaya nake roƙonka. Na ce wa Dogo shi da bakinsa zai kira ka ya faɗa maka abin da ya yi, ya nemi gafararka. In ya kira, ka bar shi ya kai ƙarshen maganarsa, kada ka tare shi da tambaya. Ni tun da suka dawo ban yi masa ko ɗaya ba. Da safe yakan zo ya gaishe ni ya ɗan tsaya, yana jiran in fara, ni kuma in ce masa ya je kada ya makara. Jiya ne ya zauna da kansa a bakin tabarmata, ya fara ba ni labari tun daga ranar da aka ce su tashi. Na riƙe bakina har ya gama.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da kyau, da babbar 'yarka mai sunan Inna, da ƙannenta. Inna tana sa maka albarka, ba ta san komai ba, kada ka faɗa mata. Kawu da ƙanwata suna gaisuwa, matar Dogo ma ta ce in gaishe ka, tana jin kunyar ta faɗa da kanta. Allah ya ba ka 'yan haya masu tsoronsa, ya bar mu tare.

Taka har kullum,
Yayarka