Gashin Idon Baba

Litinin, 3 ga Maris
Umma ta kira ni ina shago, wai idon Baba na dama ya ƙi daina hawaye, yana cewa kamar an watsa masa yashi. Na ce a kai shi asibiti. Ta ce, "Kin dai san halin mutuminki." Na sani kuwa. Mutumin da tun da na buɗe shagon nan bai taɓa leƙo ƙofarsa ba. Shi tela ne, mai sana'a ta gaske. Ni kuwa mai liƙa wa mata gashin ido da gam, "aikin rashin aikin yi" in ji shi. Ban ce mata zan je ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Ban je ba. Aiki ya yi yawa. To, ba wani yawa sosai ba.

Asabar, 8 ga Maris
Na je. Na tarar da shi a kan keke, ido ɗaya a runtse, yana fama da zare ya ƙi shiga allura. Idon ya yi jawur, ga kwantsa. Da ƙyar ya bari na duba, sai da Umma ta sa baki. Ina ɗaga fatar na ga abin: gashin ya lanƙwashe ciki, duk ƙiftawa sai ya gogi ƙwayar idon. Kuma duk guntaye ne, a tsaye kamar ƙaya. Na ce wa ya taɓa su? Ya ce shi ne, a gaban madubi, da ɗan almakashin da yake datse bakin zare. "Abin da ya fito ba a wurinsa ba ai datse shi ake yi." Raina ya ɓaci. Na ce, Baba, ido ba wuyan riga ba ne, kaifi kawai ka ƙara musu. Ya ce in rage murya a gidansa. Na rage, amma almakashin yana cikin jakata.

Talata, 11 ga Maris
Asibitin ido, da jan ƙafa da mita tun daga gida. Likitar ta ɗiga masa magani ta haska, ta ce baƙin idon ya fara ƙarzuwa. In aka ci gaba a haka tabo zai zauna, gani ya tafi, kuma ba dawowa zai yi ba. Maganin na gaskiya ɗan aiki ne a fatar idon, a juyo da ita waje. Baba ya ce ba mai kai wuƙa idonsa yana da rai. Ta ce to kafin ya gama shawara, a riƙa gasa wurin da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi safe da yamma, ga na ɗigawa, ban da murzawa, gashin kuma a cire shi daga tushe, ba yankewa ba. Ta tambaya ko akwai mai natsattsen hannu a gida. Umma ta nuna ni da baki. Baba ya ɗaga kai yana kallon fanka.

Laraba, 12 ga Maris
Na tafasa hantsakina na aiki. Na jawo doguwar kujera bakin taga, ya kwanta, na zauna ta wajen kansa yadda nake wa matan shago. Rabona da taɓa fuskar Baba tun ina ƙarama. Fatar ta saki, ta yi laushi. Ban san ya tsufa haka ba, kuma abin ya taɓa ni. Ni da ba na kuskure a kan kowa, sai ga shi sau biyu ina kai hantsaki ina kuskure gashin. Ya ce, "A haka suke biyanki?" Na ce ya yi shiru kar in haɗa da gira. Da na gama ya ƙifta, ya sake ƙiftawa, ya sauke ajiyar zuciya. Godiya dai babu. Na ji shi yana ce wa Umma ta ƙara wa Auta nama, wato ni ke nan.

Asabar, 29 ga Maris
Sun sake tsirowa, na cire. Yau har da tambaya: wai ya ake yi gam ɗin ba ya shiga idon mutane? Na yi masa bayani. Ya ce, "Uhm."

Asabar, 12 ga Afrilu
Ɗaya ya karye min, guntun ya maƙale yana sukarsa, na sha wahala kafin in kamo shi. Idon ya koma ja. Na tsorata ƙwarai. Na ajiye hantsakin na faɗa masa gaskiya, cewa hannuna lokaci kawai yake ja masa, in ya makance a hannuna ba zan yafe wa kaina ba, shi ma ba zan yafe masa ba. Har da kuka, abin haushi. Ya tashi zaune. Can ya ce, "In za a yi aikin, ke za ki raka ni, ba uwarki ba. Ita surutu gare ta."

Alhamis, 17 ga Afrilu
An yi aikin. Alhamdu lillahi. A benci suka bar ni, na cinye farcena kaf.

Juma'a, 25 ga Afrilu
An cire zaren. Ya karɓi madubi ya ƙare wa wurin kallo, ya ce wa likitar ɗinkinta ba laifi, sai dai tazarar ta ɗan yi faɗi. Na rasa inda zan sa kaina.

Asabar, 10 ga Mayu
Idon ya washe tas, likita ta ce an gama da cire-cire. Ba ni da dalilin zuwa yau. Na dai rufe shago da rana, shagon ma ba kowa, kuma hantsakin a jaka yake zama dama. Ina sallama ya taso daga kan keke, ya jawo kujerar bakin taga da kansa ya kwanta, wai yana jin kamar akwai saura ɗaya. Na ɗaga fatar na duba har kusurwa. Babu komai, duk sun fuskanci waje lafiya lau. Na ce, "Akwai, ɗan mitsitsi ne, kar ka motsa." Bai motsa ba. Mun daɗe a haka yana ba ni labarin ubangidan da ya koya masa ɗinki. Da zan tafi ya ce Asabar in zo in duba masa na hagun.