Ƙaramar Kalmar da Ta Juyo da Jirgi

Zuwa ga Malam, maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ta dace da miji kuma malami, ina fatan makwancinka yana da haske da yalwa. Ni ce Hajara. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. Amma Malamar ajinmu na manyan mata ta ce kowace ta rubuta wa wanda take so ya ji labarinta, za a karanta a gaban aji. Na duba, ban ga wanda ya fi ka cancanta ba.

Da farko in sanar da kai an ba mu jiha tamu, yanzu mu 'yan Kebbi ne. Bayan haka ne aka buɗe mana aji a firamaren da ka koyar a nan Yelwa, da la'asar idan yara sun tashi. Gwiwoyina ba sa shiga ƙarƙashin teburin yara, a karkace nake zama. Da kana nan da ka yi dariya.

Ka tuna da ɗan ilimin firamare ka ɗauko ni. Ina tsintar shinkafa a tsakar gida, kai kana duba aikin ɗalibai, kana jefo mini Turanci kaɗan-kaɗan. Kakan ce babbar kalma jirgin ruwa ce, ƙaramar da ke bin bayanta kuwa filafili ce: duk girman jirgi, inda filafili ya juya shi nan zai nufa. Ka ce “look at” kallo ne, “look for” nema ne, “look after” kulawa ce. Jirgi ɗaya, mashiga uku.

Ran nan ɗankwalina ya ɓace, na so in burge ka, na ce ina “look after” ɗinsa. Ka ajiye alƙalami, ka gyara fuska, ka ce, “Allah ya ba shi lafiya, me ke damunsa?” Na yi fushi har magariba. Da ka zo lallashi ka ce in riƙe wannan: wadda ba ta yi “look after” ɗin yaro ba yau, gobe za ta yi “look for” ɗinsa. Tun daga ranar ban sake haɗa su ba.

Akwai kalma ɗaya da ba mu kai gare ta ba, Malam.

Ranar da jikinka ya yi tsanani, ni da ƙanenka Ɗanjuma ne a bakin ɗakin asibiti. Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa. Ya fito ya ce, “He has passed away.” Na san “pass”, ai ita ake faɗa wa yaron da ya ci jarrabawa. Na san “away”, wato nesa. Sai na haɗa su da kaina, na ɗauka ka haye, ciwon ya yi nisa da kai. Na ce Alhamdulillahi, na yi wa likitan murmushi, na ɗauki kwanon kunu zan shiga in ba ka. Wata ma'aikaciya ce ta riƙe mini hannu, ta gaya mana da Hausa.

Murmushin nan ya daɗe yana ci mini rai. Shi ya sa ranar da na fara zuwa aji, da Malama ta ce wa ke da tambaya, na ɗaga hannu na ce ta gaya mini duk filafilan da ke tuƙa “pass”. Ba ta gane ba sai da na yi mata bayaninka. Ta rubuta a allo. “Pass by”, a gifta ta gefen abu. “Pass away”, wannan na riga na biya kuɗin karatunsa da hawaye. “Pass out” kuwa ta ce fuska biyu gare shi: ko mutum ya suma, ko kuma masu kaki sun gama horo an yaye su. Na yi ta maimaita su a hanya har gida.

Yanzu ga labarin da na zauna in ba ka.

Ɗanka na fari, wanda ka san ba na kama sunansa, an ɗauke shi aikin ɗan sanda. Ya tafi horo can wata jiha mai nisa. Watanni suka yi ta wucewa ba saƙo, ba wanda ya ce ya gan shi. Abinci ya daina yi mini daɗi.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina shanya shinkafa, sai ga Ɗanjuma ya shigo ba hula a kansa. Ya zauna a ƙasa. Ya ce wani direba ɗan kudu, cikin masu zuwa lodin kifin banda, ya kawo saƙo cewa yaron ya yi “pass”. Kafin ya rufe baki maƙwabta sun cika gidan. Kuka ya tashi. Aka fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Na firgita, ba zan ɓoye maka ba. Amma na ji kamar kana zaune a inda ka saba, kana jira in ƙarasa jimla. Na tambayi Ɗanjuma wace kalma ce ta biyo bayan “pass”. Ya ce, “Matar Yaya, wace kalma kuma? Ba ita muka ji a asibiti ba?” Ban ga laifinsa ba. Rana ɗaya muka koyi kalmar nan ni da shi. Shi jirgin ya riƙe, ni kuwa na bi sawun filafilin.

Ya tashi ya ce zai haye ruwa zuwa ƙauyenku na ƙasar Ngaski ya gaya wa Inna mahaifiyarku, kada ta ji a bakin bare. Ka san tun rasuwarka ɓarin jikinta ɗaya bai koma daidai ba, kuma wannan jikan ne take kira mijinta. Na san idan labarin ya same ta, ko da ƙarya ne, ba lalle ta jira gyara ba. Na roƙe shi ya dakata. Ya ce jirgin kasuwa ba ya jiran kowa, ya fita ya nufi kwata, inda jirage ke lodi.

Na yafa mayafi na nufi kasuwa. Na ji wata tana cewa a riƙe ni, baƙin ciki ya taɓa mini kai. Ba wadda ta iya riƙe ni. A hanya abu ɗaya nake roƙo: ya Allah, “out”. Ko suma ce na karɓa, wanda ya suma yana farfaɗowa.

Na sami direban a tsakanin kwandunan kifi, yana sa ido ana lodi. Turancina duk ya watse, amma abin da nake bukata ya tsaya. Na dafa ƙirjina na ce, “My son. Pass away or pass out?” Ya dube ni da mamaki ya ce, “Out, Mama.” Na ce, “He fall down?” Sai ya tuntsire da dariya. Ya ƙame, ya sara mini, ya shiga yin maci a tsakanin kwanduna yana buga ƙafa, masu dako suna ta dariya. Ashe a tashar mota ya haɗu da yaron cikin kakinsa, har sun ci abinci tare. Da wani ya gaya masa ana zaman makoki a gidanmu, ya ɗora hannu biyu a ka.

Malam, ranar na fara hawa kabu-kabu a rayuwata. Na ce wa mai babur kwata, kuma kada ya tausaya mini.

Mun iso jirgin ya riga ya bar gaɓa. Ba a tayar da inji ba tukuna, matuƙin yana fitar da shi da filafili daga tsakanin kwale-kwale. Na hango Ɗanjuma a tsakiyar fasinja, kansa a sunkuye. Na shiga ruwa da takalmana har ƙauri. Ni da ba ka taɓa jin muryata daga zaure ba, na ɗaga ta har masu wanki suka miƙe. Na ce, “Ɗanjuma, ‘out’ ne, ba ‘away’ ba. Yana raye. Horo ya gama.”

Ya miƙe tsaye har jirgin ya yi tangaɗi. Matuƙin ya kafa filafili a gefe ɗaya, ya danna. Ina tsaye cikin ruwa na ga ƙaton jirgin nan, da mutanensa da buhunansa da awakinsa, yana juyowa a hankali yana fuskanto ni. Abin da ka yi ta gaya mini a tsakar gida ne na gani da idona. Na yi dariya, na yi kuka, ban san wanne ya riga wani ba.

Tabarmin da aka shimfiɗa don ta'aziyya ba a naɗe su ba, a kansu aka zauna ana yi mana barka. Inna ba ta ji komai ba sai ranar da jikanta ya je da kansa ya durƙusa gabanta. An ce ta shafa kakin ta ce, “Mijin nawa ya yi kyau, amma wa ya aske mishi kai haka?” Ɗanjuma kuwa har yau in ya shigo gaishe ni, kafin ya zauna sai ya ce, “Matar Yaya, yau ‘out’ muke ko ‘away’?”

Saura abu ɗaya, kuma matan aji su yi mini uzuri. Ranar da yaron ya dawo, ya yi sallama a ƙofa da irin muryarka. Kunyar ɗan fari da na riƙe tun haihuwarsa ta suɓuce mini. Na kira shi da sunansa a gaban mutane. Aminu. Ga shi har na rubuta.

A asibiti, lokacin da magana ta fara yi maka wuya, ka ce mini, “Look after them.” Ka ɗaga yatsa kamar a aji, ka ƙara da cewa, “After, Hajara.” Na ji, Malam. Ina nan a kai, kuma duk suna inda zan iya ganinsu.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa kowace kalma da ka koya wa wani ta zama haske a kabarinka. Ya tsare Aminu a bakin aikinsa, ya ƙara wa Inna lafiya. Idan tawa ta zo, Allah ya sa in cika da imani, ya juya jirgina zuwa gaɓar da kake.

Ɗalibarka kuma matarka,
Hajara