Na Ce Ya Bar Shi, Ya Ɗauka Na Yafe

Mai ba da shawara, don Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure. Ka yi haƙuri da rubutuna, da furfurata na koye shi a ajin yamma.

Ina da shago ɗaya a jikin gidana, na ba wani tela haya. Shekara huɗu bai taɓa saɓa wata ba, sai bana da aka tare titinmu ana haƙa magudana, masu kawo ɗinki suka daina biyowa. Wata biyar ke nan ban ga ko sisi ba.

Ran da 'yata ta haifa min jikana na fari, bayan shekara tara muna jira, ina ƙofar gida bakina ya ƙi rufuwa, sai ga tela kai a sunkuye zai yi min maganar haya. Na dafa kafaɗarsa na ce ya bar shi kawai. Wallahi zancen nake nufi, a bar shi sai wani lokaci. Shi kuwa ya ɗauka kuɗin na bar masa. Har da ƙwalla.

Kafin yamma unguwa ta ɗauka. Mai aski ya ƙi karɓar kuɗina, wai irina sun yi ƙaranci. Matar tela ta aiko da rigunan jariri uku. Mai ɗakina kuwa ta laƙaba min Mai-kyauta tana ta dariya, alhali rufin ɗakin da mai jego ke kwana yoyo yake, kuma da kuɗin nan na yi niyyar gyara shi kafin ruwa ya sauka.

In na tambaya, a ce dattijo ya janye maganarsa. In na yi shiru, ruwa ya zuba a kan jikana. In kai shi ƙara ne, ko in ba shi takardar tashi?

Kakan Sabon Baƙo

AMSA

Baba, barka da ƙaruwa. Ƙara da takardar tashi suna nan in ta kai ga haka, amma ba ta kai ba. Wanda ya biya shekara huɗu cur ba macuci ba ne, kuma shago a titin da aka tare ba zai yi saurin samun wani ɗan haya ba. Tela bai yi maka ƙarya ba, abin da kunnensa ya ji ya faɗa. Kai ma haƙƙinka ne kake nema.

Ka kira shi cikin gida, ku biyu, kada ka aiki kowa. Ka gaya masa abin da ka nufa, ka nuna masa rufin da idonsa. Tunda bakinka ne ya kawo ruɗanin, ka ɗauki naka kason: ka yafe wata ɗaya ko biyu da gaske, sauran ya riƙa biya kaɗan-kaɗan duk mako. Ku rubuta, da shaida ɗaya.

Mutanen unguwa ba sa bin ka bashin bayani. Amma kada ka bari makon nan ya fita, don kullum kyautar ƙara zama take a ransa, kuma cire ta zai ƙara masa zafi. Allah ya raya yaro, ya buɗa wa tela.