Gonarsu Tana Nan

Laraba, 6 ga Maris, Bin Mahmud

Shekara talatin ke nan ban yafe wa Yaya Sani ba. Ya ƙi a raba gonar Baba, sai da na kai shi kotu, ni mai digiri.

Yau Bajamushen da nake yi wa direba ya nuna mini takardar zuriyarsu. Manoma ne. Ɗa guda ke gadon gona, sauran su kama hanyar Amurka. Na ce, "Yallaɓai, ai wannan zalunci ne." Ya yi dariya ya ce, "Wataƙila. Amma gonar tana nan, yayana ke noma ta."

To wa ke da gaskiya? Na rasa ganewa. Su da aka hana, suna da wurin komawa. Mu bakwai muka raba, kowa ya sayar. Gonar Baba yanzu gidan mai ce.